Isuhu, Kafin Ka Sa Shuɗiyar Hula

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Isuhu, a barikin soja na Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kai ku ƙasar Kodebuwa lafiya, Ya maido ku da ƙafafunku. Innarka tana gaishe ka. Labarin gida kuwa ba zan ɓata takarda a kai ba. Gero yana inda ka bar shi, awaki suna inda ka bar su. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne.

Ka ba ni haushi, Isuhu. Gara in faɗa maka tun daga farko, kada ka yi ta karatu kana neman inda na dosa. Ranar da ka zo Tsarnawa yin ban kwana, na zaunar da kai a zaure na tambaye ka abu ɗaya: me za ku je yi a ƙasar mutane? Sai ka gyara zama kamar mai karanta labarun rediyo, ka ce mini, "Baba, wagga tafiya ba irin ta Iraki ba ce. Mu da takarda za mu. Ƙasashen duniya sun zauna sun sa hannu, ceton mutane za mu yi." Na ce to, wa ke kashe wa a can, kuma a kan me? Ka ce ai wannan aikin manya ne, kai soja ne. Da na matsa, ka yi murmushi ka ce, "Baba, zamaninku daban ne." Ni ka gaya wa haka. Ni da na sa takalmin soja tun ba a yi zancen auren innarka ba.

Kuma ba kai kaɗai ba, gidan gaba ɗaya kun haɗu kun cika mini ciki. Yayarka Habsu tana ta guɗa kamar sarauta aka ba ka. Baffanka ya riga ya zaɓi babur ɗin da za ka saya wa ɗansa ya yi kabu-kabu a Ƙonni. Maƙwabta suna shigowa suna ce mini, "Allah Ya sanya albarka, Sarjan, yaro ya samu misiyo, za shi aikin soja a ƙasar waje." Ya samu! Kamar wanda ya tsinci tunkiya a hanya. Duk cikinsu babu wanda ya san sunan garin da za a ajiye ka. Na rasa da wa zan fara, shi ya sa na shige ɗaki na bar muku tsakar gida.

Da hankalina ya kwanta, sai na ga cewa duk abin da kuka yi, ni na fara yinsa. Don haka zan gaya maka inda na yi tuntuɓe, ko Allah Ya sa ka ɗaga ƙafa in ka iso wurin.

Tafiyata ta farko kana yaro, ba ka daɗe da shiga lakwal, makarantar boko, ba. Shekarar da Iraki ta shiga Kuwaiti ce. Aka tara mu a fili aka ce za a tura wasunmu Saudiyya, mu je mu tsare ƙasa mai tsarki. Wallahi Isuhu, da na ji sunana a cikin waɗanda aka zaɓa, sai da na yi hawaye. Na zo gida ban kwana, garin nan ya fito kamar ranar salla. Liman ya dafa kaina ya yi addu'a. Tsofaffi mata suna riƙe mini hannu suna cewa in gaishe musu da Manzon Allah. Kakarka ta ce yau ta san ba ta haihu a banza ba. Ban tambayi kowa kome ba. Me zan tambaya? An ce Ka'aba, magana ta ƙare.

Da muka sauka, aka zuba mu a kamiyo, manyan motocin kaya, aka yi ta tafiya da mu. Inda aka sauke mu babu masallaci, babu gari, babu ko itacen da akuya za ta laɓe. Rairayi ne iyakar ganinka, sai manyan bututun mai da suka ratsa daji, sai sojojin Turawa da motocinsu suna wucewa ba sa ko kallonmu. Wani abokina ya tambayi hafsanmu, "Ranka ya daɗe, ina Makka take daga nan?" Hafsan ya nuna yamma da sandarsa ya ce, "Can take, da nisa. Kai dai kama aikinka." Muka kama aikinmu. Muka yi wata da watanni muna gadin rairayi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar da aka wuce da fursunonin yaƙi ta gabanmu. Da rana tsaka ne, amma sama ta yi baƙi saboda hayaƙin rijiyoyin mai da aka cinna wa wuta. An gaya mana cewa mutanen nan mugaye ne, sun zo su rushe addini. Sai ga samari, wasu ba su kai shekarunka na yanzu ba, ƙafa ba takalmi, leɓe ya tsattsage. Ɗaya ya dube ni ya ce, "Muslim? Muslim?" Na gyaɗa kai. Ya yi kalmar shahada, ya nuna bakinsa. Na miƙa mishi gorar ruwana. Ya sha yana kuka, ni kuma na tsaya da bindiga kamar wawa, ina tunanin daga wa nake tsare Ka'aba.

Kada ka juya maganata. Wanda ya kwashi sojoji ya afka wa ƙaramin maƙwabcinsa ya yi zalunci, kuma daidai ne a fitar da shi. Ban taɓa musun wannan ba. Amma daga baya na zauna na yi tunani. Ƙananan ƙasashe nawa aka taka a duniyar nan ba wanda ya ko ɗaga gira? Me ya sa wannan kaɗai ta tada duniya tsaye, har aka zo neman ɗan Tsarnawa ya taimaka? Amsar tana cikin bututun nan da na yi ta gadi. An gaya mana dalilin da zai sa iyayenmu su sake mu, aka riƙe ɗayan dalilin a buro, ofishin manya.

Ni ma kuma ina da nawa dalilin da na riƙe. Kowa ya ji ina cewa addini, amma a cikin raina akwai kuɗin misiyo, akwai rufin kwano da nake so in yi wa ɗakin kakarka, akwai aikin hajji da aka ce za a bar mu mu yi. Duk na samu. Na dawo ana ce mini Alhaji, na karɓa da hannu biyu. Ba haram ba ne mutum ya nemi abinci da aikinsa. Kuskurena shi ne na lulluɓe son abin duniya da rigar ibada har ni kaina na yarda. To kai kada ka yi haka. In kuɗi ne suka ja ka, ka gaya wa kanka gaskiya cewa kuɗi ne. Wanda ya san don albashi ya zo yana taka ƙasar mutane a hankali. Wanda ya ɗauka shi Allah Ya aiko, shi ne ke ɗaga murya yana marin tsofaffi a bakin hanya. Kuma in ka isa, ka buɗe ido ka ga wa ke zuba mai a motocinku, wa ke biyan abincinku, da abin da yake da shi a ƙasar nan da yake tsoron ya ɓace mishi. Ba don ka ƙi aiki ba. Don ka san ranar da abinsa ya tsira, ranar ce za a ce ku naɗe kaya.

Wannan ban koye shi da sauƙi ba. Tafiyata ta biyu ce ta koya mini, kuma ita ce ban taɓa ba ka labarinta yadda take ba.

Wata ƙasa ce ta bakin teku, a nan yankinmu na yamma. Sojojinta sun rabu biyu suna yaƙi da juna. Shugabannin ƙasashen maƙwabta suka shiga tsakani, aka zauna a babban otal, aka sa hannu a yarjejeniya. Ka ji ko? Da takarda muka je, irin wadda kake yi mini alfahari da ita. Takardar ta ce kowa ya ajiye makami, sojojin waje su tsare jama'a har a yi zaɓe.

Aka ajiye mu a wani ƙauye na manoman shinkafa, a bakin gada. Lokacin ina sarjan, hafsanmu kuwa yaro ne sabon fitowa daga makaranta, don haka yawancin magana da mutanen gari ni ke yi. Ba ma jin yarensu, su ma ba sa jin namu. Allah Ya taimake ni da wani Bafulatani mai kanti, Alfa Umaru, da ya daɗe zaune a cikinsu. Ka san na tashi da yaran Fulani a wajen kakannina na Tajaye, ina ɗan jin Fulatanci. Shi ya zama bakina da kunnena.

Mutanen ƙauyen nan sun tsare kansu tun farkon yaƙi. Suna da bindigogin farauta, da wasu na soja da suka tsinta ko suka saya. Sau da yawa 'yan bindiga sun zo ƙwace, suka tare su a gada suka kore su. Umurnin da aka ba mu shi ne mu karɓe bindigogin nan duka.

Na je wurin mai garin, wani dogon tsoho mai ido ɗaya. Muka zauna ƙarƙashin mangwaro, Alfa yana fassara. Na yi mishi bayanin takarda. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Waɗanda suka sa hannun nan, akwai wanda ya taɓa kwana a garin nan?"

Na ce babu, amma ga mu mun zo a madadinsu.

Ya ce, "Na gan ku. In kun tafi fa?"

Na ce ba za mu tafi ba sai an yi zaɓe, ƙasa ta zauna.

Ya ce, "Wa ya gaya maka?"

A nan ne, Isuhu, ya kamata in ce mishi, "Baba, ni ƙaramin soja ne, abin da aka gaya mini nake gaya maka, ban san gobe ba." Amma ina so a ce Sarjan ya iya aiki. Ina so rukuninmu ya riga sauran kai rahoto. Sai na dafa ƙirjina na ce wa Alfa, "Gaya mishi na rantse da Allah, muddin ina numfashi babu wanda zai taɓa garin nan." Alfa ya dube ni ya ce da Fulatanci, "Sarjan, in faɗa haka?" Na ce faɗa. Ya faɗa.

Washegari suka kawo bindigoginsu. Wani tsoho ya kawo tasa a naɗe cikin zane, ya ce ta ubansa ce, ya roƙa kada a jefar da ita ƙasa. Muka loda su a kamiyo aka kai babban birni. Aka yaba mini a gaban sojoji.

Muka zauna lafiya da mutanen nan. Mata suna kawo mana kifi da man ja. Likitanmu yana duba yaransu. Mutanen da suka gudu daji suka dawo, suka shiga gonakinsu suka dasa shinkafa. Wallahi a lokacin na ji daɗin aikina fiye da kowane lokaci a rayuwata, na ce yau ga amfanin soja.

Shinkafa ba ta kai ga yanka ba, wata safiya aka kira hafsanmu a rediyo. Ya fito fuskarsa ta canza. Ya ce yarjejeniya ta rushe, ɓangare ɗaya ya ƙwace babban birni, ƙasar da ke ɗaukar nauyinmu ta kwashe mutanenta ta ce ba za ta ƙara biya ba. An ce mu tattara mu nufi tashar jiragen ruwa kafin azahar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan fa? Mun karɓe musu bindigogi."

Ya ce, "Na faɗa wa manya, Sarjan. Na faɗa har sau nawa. Sun ce umurni ne."

Na ce a bar ko mutum goma. Ya ce da wane abinci, da wane harsashi, da izinin wa? Yaron nan idanunsa sun kawo ruwa. Ban ga laifinsa ba.

Muna kwance tantuna, gari ya taru a bakin hanya. Babu mai zagi, babu mai jifa, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Mai gari ya zo da Alfa. Bai tuna mini rantsuwata ba. Ya ce kawai, "To ku maido mana da bindigoginmu." Na ce suna babban birni. Ya ce, "To ku bar mana naku." Na sunkuyar da kai. Na hau kamiyo na zauna a tsakiya, inda ba zan ga waje ba.

Mun daɗe a tashar jiragen ruwa muna jiran jirgi. Kullum 'yan gudun hijira suna ƙaruwa a bayan shingen waya. Ran nan ina gadi na ji an ce, "Sarjan." Alfa ne, riga ɗaya a jikinsa, yana riƙe da hannun ƙaramar ɗiyarsa. Ya ce bayan tafiyarmu da kwana kaɗan waɗanda aka saba kora a gada suka dawo, wannan karo ba wanda ya tare su. Sun ƙona gari. Mai gari ya ƙi gudu, a ƙofar gidansa aka kashe shi. Na fara cewa, "Alfa, wallahi ba mu da..." Ya ɗaga hannu ya ce, "Na sani. Ba ku kuka ƙona ba. Amma da ba ku zo ba, da muna da bindigoginmu." Na ba shi abin da ke aljihuna da gwangwanayen kifi. Ya karɓa don yarinyar. Ban sake ganinsa ba.

To ga takarda, Isuhu. Babu doka ɗaya da muka karya. Da izini muka shiga, da izini muka fita. In aka kai ni gaban kowane alƙali na duniya zai sallame ni. Amma akwai wata shari'ar da ke jirana, kuma a can ba za a tambayi waɗanda suka zauna a otal ba game da rantsuwar nan, ni na yi ta da bakina. Don haka ina gaya maka da babbar murya: kada ka yi wa kowa alkawarin abin da ba ya hannunka. Kada ka rantse a madadin mutanen da ba ka taɓa gani ba. In tsoho ya tambaye ka, "In kun tafi fa?" ka ce mishi ba ka sani ba, ya yi shirinsa. Za a ce ba ka iya aiki ba. Bari a ce.

Bayan na dawo na ajiye aiki, sai na faɗa wani kuskuren, na kife ɗaya gefen. Na zama mai cewa duk sojan da ya taka ƙasar wani ɓarawo ne ko ɗan aiken ɓarawo. Da Amurka ta shiga Iraki, ka tuna yadda nake a majalisarmu ta bakin tasha a Ƙonni, rediyo a kunne, ina ta kumfar baki. A kan wannan har gobe ina nan a kan bakana: sun nemi izinin duniya ba su samu ba, suka shiga da ƙarfinsu, makaman da suka ce sun je nema kuwa har yau muna jiran a nuna mana. In kowane mai ƙarfi zai shiga gidan da ya ga dama don ya ce maigidan mugu ne, to mu masu ƙaramin ƙarfi mun shiga uku. Shi ya sa ban raina takardarka ba. Gara da ita da babu. Ita ce ɗan shingen da ya rage tsakanin talakawan ƙasashe da manya. Abin da na ce shi ne takarda tana ba ka izinin shiga, ba ta wanke abin da hannunka ya yi bayan ka shiga.

Amma na wuce gona da iri, har kawunka Salisu ya taka mini burki. Ka san shekarunsa nawa yana sayar da goro da kayan koli a Kodebuwa, kamar rabin mazan Tajaye da Illela. Da yaƙi ya tashi ya dawo da jaka ɗaya. Muna zaune a gidan suna a Malbaza, mutane cike, ina ta zuba cewa sojan waje bai taɓa amfanin kowa ba. Sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Sarjan, ka gama?"

Na ce ban gama ba.

Ya ce, "To tsaya in ba ka nawa, sai ka ƙarasa. Ranar da muka gudo, wasu samari masu bindiga suka tare motarmu. Suka duba takardun kowa. Duk mai suna irin namu aka sauke shi, aka jera mu a bakin rami, aka ce mu cire riguna. Na yi shahada. Sai ga motar sojojin waje ta taho. Ba su harba ko harsashi ɗaya ba. Tsayawa kawai suka yi, babbansu ya sauko ya jingina da mota yana kallo. Samarin nan suka yi ta zage-zage, daga baya suka ce mu hau mota mu ɓace. Ban san me ya kawo sojojin nan ƙasar ba. Wataƙila gonakin koko suka zo tsarewa, wataƙila kamfanoninsu. Ban tambaya ba. Ga ni dai ina shan shayi."

Na ji kunya har cikin ƙashina, don gaskiya ya faɗa. Mutum zai iya zuwa da mugun nufi alheri ya fita ta hannunsa, kamar yadda muka je da kyakkyawan nufi muka bar toka a bayanmu. Na so a ce abin yana da fuska ɗaya in huta, ya ƙi. Don haka ban ce maka kada ka tafi ba, ko da ina da ikon hanawa. Akwai 'yan'uwanmu a can, akwai kuma waɗanda ba 'yan'uwanmu ba, dukansu suna da wuya ɗaya da wuƙa ke yankawa. In ka ga an jera mutane a bakin hanya, ka tsaya. Ko ba a ba ka izinin harbi ba, ba a hana ka ido ba. Ka tsaya ka kalla har a ji kunyarka. Kuma kada ka duba ko masu salla ne kafin ka taka burki. Za ka tarar da masu yi maka Hausa suna ce maka ɗan'uwa, za ka ji daɗi, zuciyarka za ta karkata. Ka tuna mutanen ɗaya ɓangaren suna kallonka, kuma ranar da suka gane kana da naka, shuɗiyar hularka ta sojan kiyaye zaman lafiya ta zama tsumma.

Abu guda kuma a taƙaice, don ba na son tsawaita shi da ɗana. Inda yunwa take, gwangwanin kifi ɗaya yana sayen abin da bai kamata a saya ba. Na ga abokan aiki sun yi, na kau da kai na ce ba ruwana. Da ruwana. 'Yan matan nan 'ya'yan mutane ne. In na ji an ambaci sunanka a irin wannan, kada ka biyo ta Tsarnawa.

Saura kuskuren da ya fi kusa da kai. Da kana yaro kana zama a gabana kana cewa, "Baba, ba mu labarin yaƙi." Sai in ba ku na jirgin sama, da na teku, da na yadda mata suka yi mana guɗa a bakin gada. In sa maka hulata ta rufe maka ido, kana fareti a tsakar gida muna dariya. Ban taɓa ba ka labarin yaron da ya sha ruwan gorata ba. Ban taɓa ambaton Alfa ba. Innarka kaɗai ta san dalilin da ya sa na daina cin shinkafa shekara guda bayan na dawo. Na ba ka rabin labari, rabin mai daɗi, ka ɗauka ka gina rayuwarka a kai. Yanzu kuma na zo ina jin haushi don ka yi magana kamar wanda bai san kome ba. Wa ya hana ka sani? Jiya innarka ta gaya mini haka a fuskata. Ta ce, "Malam, kai ka shuka, yanzu kana faɗa da tsiro." Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Ta tashi, ta dawo da takarda da alƙalami ta ajiye a gabana.

To na rubuta. Har yanzu ina jin haushinka, kada ka ɗauka ya wuce. Amma na yafe maka murmushin nan, kai ma ka yafe mini shirun da na yi maka shekara da shekaru.

Ka riƙe salla ko a cikin kamiyo ne. Ka gaida tsofaffin ƙasar da hannu biyu, ka koyi gaisuwarsu da yarensu. Ka bi umurni, amma in aka ce ka yi abin da ka san ba za ka iya gaya wa innarka ba, ka ƙi, a ɗaure ka, zan zo in kai maka fura a gidan kaso da kaina ina alfahari.

In Allah Ya maido ka, za su tare ka tun daga bakin hanya suna duban jakarka. Ka ba su abin da za ka ba su. In sun watse, ka zo zaure ka same ni, ka gaya mini abin da ka gani, mai kyau da marar kyau, har wanda kake jin kunyarsa. Ni da na dawo babu wanda ya tambaye ni. Kai zan tambaye ka, kuma zan saurara har ka gama.

Allah Ya tsare ka daga harsashi, Ya tsare mutane daga harsashinka. Allah Ya sa kada a zalunce ka, kada a yi zalunci da hannunka. Ya kwantar da wutar ƙasar da za ku, Ya maida kowa gidansa. Na sa maka albarka, Isuhu, duniya da lahira. Ka tafi lafiya, ka dawo lafiya.

Ni ne mahaifinka,
daga Tsarnawa.